Sojojin da ba su da uwa

A daren Alhamis ɗin da ta wuce na kwana a gidan yayata a Jidda, kuma bayan sallar isha'i na zauna da ɗanta mai shekara goma sha uku muna kallon wani fim na yaƙin sararin samaniya, irin waɗanda ake ƙago taurari da al'ummomin da babu su. A cikin labarin an ɗebi ƙwayoyin jikin mayaƙi guda ɗaya an yi runduna da su, sojoji bila adadin masu fuska ɗaya da murya ɗaya, an raine su cikin kwalabe a wata masana'anta, an gaggauta girmansu, sannan aka miƙa su ga waɗanda suka biya kuɗin aikin. Yaron ya juyo ya ce, "Kawu, da gaske ana iya yin haka?" Amsar da na ba shi a daren ba ta gamsar da ni ba, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Abin da Larabawa ke kira istinsakh, mu kuma za mu iya ce masa kwafin halitta, ba ƙagen masu fim ba ne kacokan. A ranar 5 ga Yuli, 1996, aka haifi wata tunkiya mai suna Doli a Cibiyar Roslin da ke kusa da Edinbara a Sikotland, aka kuma sanar da duniya a Fabrairun 1997. Ian Wilmut da Keith Campbell da abokan aikinsu sun ɗauki ƙwaya daga hantsar wata tunkiya, suka samo ƙwan wata tunkiyar suka cire cibiyarsa, wato inda bayanan gado suke, suka haɗa su biyun da ɗan tartsatsin lantarki, sannan suka dasa abin da ya fara girma a mahaifar tunkiya ta uku. Sau 277 suka yi wannan haɗi kafin ɗan rago guda ya zo duniya da rai. Doli ta rayu shekara shida, ta haihu kamar kowace tunkiya, ta mutu a 2003 da ciwon huhu. Nan kusa da mu ma, a Dubai, an haifi taguwa mai suna Injaz a 2009 ta wannan hanya, kuma duk wanda ya san darajar raƙumin tsere da na gasar kyau a ƙasashen nan zai gane abin da ya jawo masu kuɗi ga wannan fasaha.

Sai dai a daidai nan fim da gaskiya suka rabu. Doli ba a kwalba ta girma ba, ciki aka ɗauka nata wata biyar, aka haife ta jaririya mai neman nono. Babu wata na'ura da ke fitar da baligi a shirye, kuma babu hanyar da ilimin mutum da tunaninsa da jarumtarsa za su bi ƙwayar jikinsa su shiga wani, domin waɗannan a rayuwa ake tara su. Hatta kamannin ba su da tabbas. A ƙarshen 2001 masana a wata jami'a a Texas ta Amurka sun yi kwafin kyanwa, sai ga 'yar ta fito da launin gashi dabam da na wadda aka kwafo. Mu Hausawa ba ma buƙatar ɗakin gwaji kafin mu fahimci wannan, domin kowa ya san Hassan da Husaini masu kama kamar an tsaga kara, amma ɗaya mai sanyin hali, ɗayan kuma ba ya ɗaukar raini. Wanda aka kwafa tagwai ne da ya zo a makare, yana da ransa, yana da rabonsa, kuma hisabinsa nasa ne shi kaɗai.

Na gaya wa yaron cewa a garin nan da muke zaune aka yi ɗaya daga cikin zaman farko da malaman Musulunci suka yi a kan batun. A tsakiyar 1997, watanni kaɗan bayan labarin Doli ya bazu, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta yi taronta na goma a Jidda, ta haramta kwafin ɗan Adam, ta kuma halatta amfani da fasahar a tsirrai da dabbobi da ƙananan halittu matuƙar an kiyaye iyakokin shari'a kuma amfanin ya rinjayi cutarwa. Ina ganin hikima a wannan rarrabewa, domin ba su tsorata da ilimin kansa ba, abin da suka tsare shi ne nasaba. Idan aka kwafi mutum, yaron da aka haifa ɗansa ne ko ƙanensa? Wace ce uwarsa, mai ƙwan ko mai cikin ko kuwa mahaifiyar wanda aka kwafo? Gado da aure da sanin muharramai duk a kan waɗannan amsoshi suke tsaye.

Amma abin da ya hana ni barci a daren ba hukuncin ba ne, yadda fim ɗin ya ɗauki sojojin nan ne. Lambobi aka ba su a madadin sunaye, an yi cinikinsu tun kafin su buɗe ido, kuma idan ɗari suka faɗi a fagen fama babu gidan da za a je ta'aziyya. Masu labarin sun buƙaci rundunar da za ta mutu ba tare da mai kallo ya ji nauyi ba, sai suka cire mata iyaye. Mu da kakanninmu suka taho daga Kano da Sakkwato da Katsina a ƙafa, suka ratsa Sudan suka ƙetare Bahar Maliya, mun san darajar amsa tambayar "ɗan wane ne kai?", domin a baƙuwar ƙasa wannan amsa ce ke sama wa mutum masauki da aure da masu sallatar gawarsa. Da yawanmu har yau muna ɗauke da sunan Hausawi a takardunmu saboda kada asalin ya ɓace. Kuma ba a soke bauta a hukumance a nan Saudiyya ba sai a 1962, zamanin da iyayenmu suna da wayonsu, don haka ganin mutum a matsayin kayan da aka yi oda aka biya ba tsohon labari ba ne a wurinmu da za mu kalle shi muna cin gyaɗa.

Wani abu guda ya faranta mini rai. Can cikin labarin wasu daga cikin sojojin sun fara raɗa wa junansu laƙabi, kuma yaron ya lura da hakan kafin ni, har ya ce shi wancan mai tabo a fuska ya fi so, ko da yake fuskar duk ɗaya ce. Muna cikin wannan magana yayata ta shigo da shayi, ta tsaya ta dubi jerin kwalaben da jarirai ke shawagi a ciki, ta ce, "To, wa ya shayar da su?" Muka mayar da fim ɗin baya muka sake duba wurin tun daga farko, babu mace ko ɗaya da ta ɗauki jariri a hannu.