Ƙannena ɗalibai, ku bar horar da cikinku da yunwa

Duk zangon karatu sai an shigo wa ɗakunan kwanan ɗalibai da sabon salon rage ƙiba. Yau ruwan zafi da lemon tsami da sassafe, gobe shayin rage tumbi da ake talla a Instagram, jibi a ce an daina shinkafa da tuwo kwata-kwata. Kusan duka na gwada lokacin da nake jami'a, shi ya sa nake jan kunnenku.

Ni abin da na yi shi ne yanke karin kumallo da abincin rana, na riƙe shayin. A makon farko sikeli ya nuna na ragu, na yi ta murna. Ashe ruwa ne ya tafi. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka tare da ruwa mai yawa. Da ka hana shi abinci sai ya taɓa ajiyar, ruwan ya bi ta, kitse kuwa yana nan daram. Shayin kuma, da yawa daga cikin irinsa akwai filasko a ciki, wato maganin wankin ciki ne aka sa wa kwali mai kyau. Zawo kawai yake sa mutum. Laccar ƙarfe takwas ina zaune malami yana bayani, ni kuwa kaina na sarawa, hannuna na rawa a kan biro. Dare na yi sai yunwa ta ci ƙarfina, in dafa Indomie biyu da ƙwai in kora da lemon kwalba. Lemon nan na roba, mai rabin lita, sukarinsa ya kai giram 50, wanda shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya sha a yini guda. Kun ga an gudu ba a tsira ba.

Su ma masu neman ƙiba da ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, jirgi ɗaya ne ya kwaso mu. Wasunsu akwai dexamethasone a ciki, maganin da likita ne kaɗai ya kamata ya rubuta. Kumatu su cika, a ɗauka hutu ne, alhali kumburi ne, ga hawan jini da ciwon sukari suna laɓe a baya.

Abin da ya gyara ni ba wani sirri ba ne. Ranar da kuɗin gida suka shigo, kafin data da anko, a fara zuwa kasuwa. A auno wake, a sayi gyaɗa, ƙuli-ƙuli, busasshen zogale, manja, albasa da ƙwai gwargwadon aljihu. Wake shi ne gatan ɗalibi: garau-garau, ɗanwake, alale, faten wake da alayyahu, duk daga kwano ɗaya, kuma yana riƙe ciki har la'asar. Awara ma tana gina jiki, ga araha, sai dai kar a mayar da soyayyar ta kullum. Kwaɗon zogale ko na rama bai fi minti goma ba in an riga an dafa ganyen. Hukumar nan ta ce a ci ganye da 'ya'yan itatuwa aƙalla giram 400 a rana. Ba sai tuffar kanti ba. A bi abin da ke yayi, mangwaro da bazara, lemo da karas da gwaiba in lokacinsu ya yi, yalo da kankana a bakin ƙofar makaranta. Shinkafa da tuwo kuma ba su yi laifin komai ba, a rage tulinsu a faranti a ƙara miyar ganye. Ku 'yan mata, ku daina kora abinci da shayi nan take, yana rage sinadarin ƙarfe mai gina jini da jiki ke tsotsa daga abinci, mu kuwa mun fi buƙatarsa saboda al'ada. Lemon zaƙi ɗaya bayan wake ya fi.

Da safe a sa wani abu a ciki ko da koko da ƙosai ne, da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Motsa jiki kuma bai buƙatar kuɗin gidan atisaye. Minti 150 a mako na tafiya mai ɗan sauri shi ne mafi ƙarancin abin da aka tsara wa manya, wato rabin awa sau biyar. 'Yan sakandare da ba su kai 18 ba, awa ɗaya kullum. Wanda ke karatu a Samaru ko sabuwar BUK ya san nisan da ke tsakanin ɗakin kwana da ajin lacca, to a taka da ƙafa in rana ba ta take ba. Igiyar tsalle tana shiga jaka, ana yi a ɗaki, mace ba sai ta fita fili ba. Mai son ragewa da gaske, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya wadatar. Mai olsa, sikila ko ciwon sukari kuwa, ya biya asibitin makaranta tukuna kafin ya canja cimarsa.