Badun ko Gida

Asabar, bayan sallar isha'i

Kwana tara ke nan da fitowar sakamakon JAMB, kuma har yau ban yi barcin kirki ba. Maki 317 na samu cikin 400. Ranar da saƙon ya shigo wayata Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo, amma tun washegari gidan ya yi tsit, kowa na kauce wa maganar. Lokacin cike fom, likitanci na sa a Jami'ar Ibadan, wato Badun, zaɓin farko. Yanzu da aka buɗe damar canjin makaranta, dole in tsayar da magana ɗaya: in bar shi yadda yake, ko in mayar da shi Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke nan Sakkwato.

Da asuba ni na auna wa Baba suga, kamar kullum. Shekara biyu ke nan tun da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, kuma tun daga lokacin aikin ya zama nawa. In goge masa yatsa da auduga, in soka ɗan tsinken, in jira ɗigon jinin ya taru, in kai shi bakin takardar awon, na'urar ta ƙirga daƙiƙoƙinta. Yau 138 ta nuna. Na rubuta a tsohon littafin rajistar ajinsa na lokacin da yake koyarwa, wanda muka mayar littafin awo. Shafi bayan shafi, duk rubutuna ne, da biro shuɗi, sai ranakun da sugan ya hau na zagaye da ja. Ina rufe littafin na ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Wa zai riƙa zagayewa da ja idan ina Badun?

Abin mamakin shi ne, Baban ne ya fi kowa son in tafi. Tun ina firamare yake ba ni labarin jami'ar, cewa a 1948 aka buɗe ta, ita ce ta farko a ƙasar nan, asibitin koyarwarta kuma, UCH, a 1957. Sau ɗaya ya taɓa shiga asibitin, lokacin yana saurayi ya raka wani yayansa jinya, amma idan yana kwatanta benayen da ɗaliban da ke bin manyan likitoci a baya cikin fararen riguna, sai ka rantse jiya ya dawo. A wurinsa na san yawancin abin da na sani game da wurin, kuma a wurinsa na ɗauki son.

Da hantsi Kawu ya zo. Inna ce ta aika masa, na sani, ko da yake ba ta faɗa ba. Shekara fiye da ashirin yana kai albasar Aliero kasuwannin Badun, don haka a danginmu shi ne masanin hanyar. Ya zauna ya lissafa mini ita da yatsunsa: Tambuwal, Jega, Yawuri, Kontagora, Mokwa, a ƙetare kogin Kwara a Jebba, sai Ilori, Ogbomosho, Oyo, kana a shiga gari. Ya ce yini ne cur har da wani yanki na dare, in hanya ta yi kyau ke nan. Inna ta jefo zancen rikicin kasuwar Shasha na 2021, wanda ya sa muka kwana biyu ba mu samu Kawu a waya ba. Na zaci zai mara mata baya, sai ya ce, "Yaya, wannan ya wuce, kuma ban daina zuwa ba. Ga Sabo nan kusa da Mokola, mutanenmu sun fi shekara ɗari a wurin, asibitin ma ba nisa. Ba daji za ta ba." Inna ta kau da kai ta ce, "Ni dai mi za ta nema can da babu shi nan? Ɗiya mace, shekara shidda, in wani abu ya hwaru sai an kwana kan hanya."

Ban tanka ba, don maganarta akwai gaskiya a ciki. Shekara shida ne, in ba a shiga yajin aiki ba. Ta farko kimiyya ce zalla, sannan a shiga sanin sassan jiki da yadda yake aiki, a yi babbar jarrabawar nan da ke tankaɗe ɗalibai, kafin a fara shiga ɗakunan majinyata. Bayan an gama ga shekarar sanin makamar aiki a asibiti, ga bautar ƙasa. Sai dai a cikin lissafin akwai abin da ya fi nisa ba ni tsoro. A jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin ɗari na guraben na cancanta ne, 35 na 'yan yankin da jami'ar take, 20 na jihohin da aka bari a baya a boko. A Sakkwato ni 'yar gida ce ta kowace fuska. A Ibadan kuwa zan yi gogayya da waɗanda suka fi kowa maki daga ko'ina, ga jarrabawar tantancewa tasu ta daban, kuma ba su karɓar wanda bai sa su a zaɓin farko ba. In na tsaya a kansu na faɗi, ina iya rasa shekarar gaba ɗaya. Wai an ce kwaɗayi mabuɗin wahala, amma ni ban yarda wannan kwaɗayi ba ne. Na yi karatun nan da fitilar waya, cikin zafin Afrilu, don in gwada kaina da irin waɗannan mutanen.

Bayan azahar na hau Keke Napep na je wurin wata ƙawar Yayata likita, da ke aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ɗanfodiyo da ke Gawon Nama. Nan ta yi karatunta tun daga farko har ta gama. Na same ta ta fito daga ɗakin haihuwa, idanunta sun yi ja, ta zauna a kan benci ta cire takalmi tana shan ruwan leda. Na zayyana mata komai. Ba ta kushe Ibadan ba ko kaɗan. Ta ce sunan yana buɗe ƙofa, musamman ga mai son bincike ko fita waje, kuma ƙarya ne a ce duk ɗaya ne. Amma lasisin aiki hukuma ɗaya ke ba kowa, MDCN, hukumar likitoci ta ƙasa, kuma majinyaci bai taɓa tambayarta inda ta yi makaranta ba.

Sai ta kawo abin da ban taɓa tunani ba. Ta ce rabin aikin likita tambaya ce da sauraro. Mace ta zo daga Illela ko Gwadabawa ta ce "zuciyata na tashi" ko "cikina na murɗa", ke kin san abin da take nufi, kin kuma san abin da ta ɓoye saboda kunya ko don mijinta na tsaye. A Badun, ta ce, za ki tarar da tsofaffi da yawa da sai Yarbanci, sai kin koya ko ki nemi tafinta. Ana koya, wasu sun koya, amma ƙarin kaya ne a kan kaya. Ta ambaci asibitin yara masu cutar noma da ke nan garin, cutar nan mai cinye fuskar ƙananan yara, da matan da ke zuwa da yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda, da waɗanda ke ƙin zuwa awon ciki sam in ba mace za su gani ba. Ina jin ta, jikina ya yi sanyi, don irin aikin da nake mafarkin yi ke nan.

Da na miƙe zan tafi ta riƙe mini mayafi ta ce, "Ƙanwata, in za ki zauna, ki zauna don kina so. Kada ki fake da ciwon Baba. Ranar da karatu ya yi zafi za ki tuna, kuma ba na so ki kalle shi da wannan a ranki."

A hanyar dawowa maganar ta yi ta cina. Na tambayi kaina tsakani da Allah, Baba nake tausayi, ko tsoron faɗuwa nake ji? Duka biyun na samu a ciki. Ina son jami'ar da na girma ina jin sunanta, ina kuma son in koyi aikin a kan mutanen da zan yi wa shi, in kwana ina jin tarin Baba ta bayan bango.

Bayan magariba Baba ya kira ni, ya kira autanmu mai shekara goma sha huɗu. Ya ce in ɗauko na'urar. Na ce ai da safe ake yi. Ya ce ya sani, koyo za a yi. Ya miƙa wa yaron hannunsa na dama, mai lafiyar. Hannun autan na rawa, sukan farko bai fitar da jini ba, na nuna masa ya matsa gefen yatsan, ba tsakiya ba. Na biyu ya yi. Baba bai ko motsa ba, ya ce, "Rubuta da kanka." Ya rubuta lambar ƙarƙashin tawa, da rubutunsa mai karkata. Sannan Baba ya dube ni ya ce, "Uwata, yanzu mun zama da likita biyu a gidan nan. Ki yi istihara, duk inda kika nufa na sa albarka. Ban yarda ki ce saboda ni ba."

Inna na bakin murhu, ta ji komai, ba ta ce uffan ba. Da ta zuba mini tuwo ne ta ce in dai na tashi zuwa cibiyar JAMB ranar Litinin, ko canji ko ba canji, in bari ta raka ni.

Na yi alwala. Littafin awon yana ɗakin autan yau, ya ce zai saita ƙararrawar wayarsa ƙarfe biyar.