Ni da kurket a daren jiya

Zafin Garwa ya hana mu barci jiya, sai ƙanena ya kunna mana fim ɗin Indiya Lagaan a waya. Ni da ban san kan kurket ba, sai ga ni ina ihu kamar Coton Sport ce ta ci ƙwallo! Fim ɗin 2001 ne. Aamir Khan ya tara 'yan ƙauye suka kara da Turawan mulki a wasan kurket: in sun ci, a yafe musu haraji na shekara 3, in an cinye su, su biya ninki uku. Ya kusa awa 4, ku tanadi caji da shayi. Baba da ya ce wasan banza ne, ƙarshe tabarmata ya ƙwace.

Mai son labarin gaskiya ya nemi Fire in Babylon, kan 'yan wasan kurket na West Indies, wato yankin Karebiyan. Shi za mu kalla ran Juma'a, in Allah ya kai mu.