Tayil ɗin da na “aika” a cikin rahoto

Lokacin da nake aikin akawu a wani ƙaramin kamfanin gine-gine, tayil ɗin da magina suka shimfiɗa a barandar wani gida ya kumbura ya ɗago, saboda simintin da ke ƙarƙashinsa bai kama ba, sai aka ɓamɓare shi duka aka sake shimfiɗawa. Ni aka ba aikin rubuta rahoton da Turanci, na kuwa rubuta cewa an yi “relayed” ɗin tayil. Injiniya ya zagaye kalmar da jan biro, ya tura mini takardar, ya ce: “Malam, wa muka aika wa tayil ɗin?”

Ƙannena, abin da ban sani ba a ranar shi ne aikatau biyu ne na Turanci suke sanye da riga ɗaya, wato “relay”. Na farko ya samu ne daga ɗafa-goshin “re”, mai nufin maimaitawa, da “lay”, wato shimfiɗawa ko ajiyewa a ƙasa, kuma shi ake amfani da shi idan an sake shimfiɗa tayil, ko kafet, ko bututun ruwa, ko layin dogo. Tun da “lay” yakan koma “laid” a shuɗaɗɗen lokaci, shi ma ɗansa “relaid” yake komawa. Na biyu, wanda Turanci ya aro daga tsohon Faransanci, inda yake nufin sauya karnukan farauta da suka gaji da waɗansu, ma'anarsa isar da saƙo daga hannu zuwa hannu, kamar yadda 'yan gudun mita 400 su huɗu suke miƙa wa juna sanda. Wannan ne yake zama “relayed”.

Kada ku yi irin gyaran gangar auzinawan da na yi daga baya, domin tsoron jan biro ya sa na rubuta “relaid” a wata wasiƙa alhali saƙon maigida nake nufin na isar. Kafin ku rubuta, ku tambayi kanku ko akwai abin da hannu ya shimfiɗa a ƙasa karo na biyu. Idan akwai, ku sa karan ɗori ku rubuta “re-lay” da “re-laid”, ko da yake ƙamusoshi sun yarda a rubuta ba tare da shi ba. Ni dai a ganina mai karatu ya fi hutawa idan ya gan shi. Rahoton nan kuwa, sai da na sake buga shi gaba ɗaya kafin injiniya ya sa hannu.