Wasiƙa daga Viyana: in an tashi daga taron bita, me ke rage wa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida,

Da fatan kowa yana lafiya, ya kuma haƙuri da abubuwan da ke faruwa. Tun ranar da na yi kuskuren faɗa wa wasunku cewa aikin tafinta nake yi a nan Viyana, babban birnin Austriya, kuma yawancin tarukan da ake kirana na yaƙi da ta'addanci ne, saƙo ya ƙi yankewa. Wani ya ce wai me muke yi in ban da zaman otal, wani ya ce duk wannan haɗin gwiwar ƙasa da ƙasa yaudara ce, masu kunna wutar su ne ke dawowa da bokitin ruwa. Na gaji da amsa ɗaya bayan ɗaya shi ya sa na ce bari kawai in zauna in rubuta wa kowa. Ni ba soja ba ne ba kuma ɗan sanda ba, cikin ɗan akwatin gilashi nake zama a bayan zaure da abin ji a kunne ina juya maganar wasu, amma dai mai juya magana dole ya saurara ko da mahalarta sun yi gyangyaɗi.

Wannan haɗin gwiwar ya ɗauki siffar da yake da ita yanzu ne bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka. Ko sati uku ba a yi ba Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1373, wanda ya wajabta wa kowace ƙasa ta mayar da ba 'yan ta'adda kuɗi laifi a dokarta, ta kulle dukiyarsu, ta hana su mafaka, ta kuma riƙa musayar bayanai da sauran ƙasashe. Abin dariyar da ba na dariya ba, har yau ɗin nan duniya ba ta yarda da ma'ana guda ta kalmar ta'addanci ba. Indiya ta kawo daftarin babbar yarjejeniya tun 1996, yana nan a kan tebur, saboda an kasa daidaitawa kan masu yaƙi da mamaya da kuma abin da sojojin gwamnati ke aikatawa. Sai aka koma bin abin gunduwa-gunduwa, yarjejeniyar fashin jirgin sama daban, ta garkuwa da mutane daban, ta bama-bamai, ta kuɗi, har guda 19. Ni da nake fassara na fi kowa sanin wannan ramin, don wakilai biyu za su faɗi kalma ɗaya kowa da mutanen da yake nufi a ransa.

A 2006 Babban Zauren Majalisar ya amince da tsari mai ginshiƙai huɗu: magance abubuwan da ke haifar da ta'addanci, yaƙarsa kai tsaye, ƙara wa ƙasashe ƙwarewa da kayan aiki, sai kare haƙƙin ɗan Adam da bin doka. Na ukun nan shi ne inda nake cin abinci, kuma shi mutane suka fi yi wa gurguwar fahimta. Da an ce an zo taimaka wa ƙasa ta ƙara ƙarfi sai hankali ya tafi kan jirgi mara matuƙi da tankoki. Wallahi abin da ya fi cin rai a zaurukan nan ba shi da ko ɗan armashi, maganar shaida ce.

Ga yadda abin yake. Soja ya kama mutum a daji bayan artabu, an samu waya a aljihunsa da bindiga a gefe. Sojan nan an koya masa harbi ba a koya masa rubuta waye ya kama wa, a ina, ƙarfe nawa ba, kuma ba laifinsa ba ne, wanda ake harbi ba ya neman biro. Wayar ta bi hannu biyar, wani ma ya sa layinsa a ciki, bindigar ta shiga cikin tarin bindigogi, shi sojan an mayar da shi wani fagen ko ma ya rasu. Bayan shekara uku fayil ya iso gaban mai gabatar da ƙara, ya buɗe, babu komai sai suna da wata takardar amsa laifi da ba a san yadda aka same ta ba. Toh me alƙali zai yi? Ko ya saki wanda ƙila da gaske ya kashe mutane, ko a ci gaba da tsare wanda ƙila manomi ne da aka tarar a gona. Na ji wannan kukan daga bakin masu gabatar da ƙara na ƙasashen da ko iyaka ba su haɗa ba, kusan da kalmomi iri ɗaya, har na haddace. Shi ya sa a 2018 dandalin nan na ƙasashe kan yaƙi da ta'addanci da ake kira GCTF ya fitar da shawarwari kan tattara shaida da amfani da ita a kotu, kuma sunan Abuja takardar ke ɗauke da shi, da yawanku na san ba ku taɓa jin labarinta ba.

Kar wani ya ce ai wannan tausayin ɗan ta'adda ne. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar, UNDP, ta yi hira da ɗaruruwan mutanen da suka taɓa shiga irin waɗannan ƙungiyoyi a Afirka, ta fitar da rahoto a 2017, kashi 71 cikin ɗari suka ce abin da ya ingiza su a ƙarshe wani abu ne da hukuma ta yi, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki. Wato duk wanda aka tsare babu shari'a yana da ƙane a waje, kuma akwai masu jiran ƙanen nan da hannu biyu.

Sai maganar iyaka. Lokacin da matasa daga Turai da sauran wurare ke kwarara Siriya da Iraƙi, Kwamitin Sulhu ya yi ƙuduri 2178 a 2014, sannan 2396 a 2017 wanda ya ce dole ƙasashe su riƙa karɓar bayanan fasinja daga kamfanonin jiragen sama kafin jirgi ya sauka. Holand ta ba da manhajarta kyauta, Majalisar ta sa mata suna goTravel tana raba wa ƙasashe, ga kuma rumbun Interpol na fasfo ɗin da aka sace ko suka ɓata. Abu ne mai kyau, ban raina ba, an kama mutane da shi. Amma fa an ɗinka rigar ne a jikin mai hawa jirgi. Wanda ke tsallaka iyaka a kan babur da tsakar dare ko cikin kwalekwale a tafkin Chadi bai da tikiti balle a tantance shi.

Ɓangaren kuɗi shi ne inda na ga gwamnatoci na rawar jiki da gaske. Akwai hukumar FATF a Paris mai sa ido kan halatta kuɗin haram da ba 'yan ta'adda kuɗi, ba ta da soja ko ɗaya, jerin sunaye kawai gare ta, amma da ta sa ƙasa a jerin waɗanda ake sa wa ido sai bankunan duniya su fara ja da baya, nan da nan ka ga dokokin da suka shekara a kwance sun tashi. Najeriya da Afirka ta Kudu sun shiga a Fabrairun 2023 sun fita a Oktoban 2025. Illar ita ce talaka mai tura wa iyayensa kuɗi da ƙungiyar agaji su ke shan tambayoyi, su kuwa mutanen daji harajinsu a hannu suke karɓa, daga masunta, daga masu haƙar zinare, daga satar shanu da kuɗin fansa, babu abin da ya bi ta banki.

Abin da ya fi damuna dai shi ne tsakaninmu da maƙwabta, don nan ne ba mu da wanda za mu ɗora wa laifi. An kafa G5 Sahel, ƙungiyar ƙasashe biyar na yankin Sahel, a 2014, aka yi mata rundunar haɗin gwiwa a 2017, ta yi ta fama da rashin kuɗi, Mali ta fice a 2022, Burkina Faso da Nijar suka bi a ƙarshen 2023, shi ke nan. Rundunar tafkin Chadi mai hedikwata a Njamena, wadda aka farfaɗo da ita a 2015 da Najeriya, Nijar, Chadi, Kamaru da Benin, ta yi aiki na gaske, ta ƙwato garuruwa, amma Nijar ta sanar da ficewa a 2025. Sojojin Faransa sun tafi, na Majalisar a Mali sun tafi, Amurka ta bar sansaninta na Agadez. Kowa na da hujjarsa kuma wasu hujjojin ba ƙarya ba ne, ba na nan don in yanke wa kowa hukunci. Sai dai ƙididdigar ta'addanci ta duniya ta nuna fiye da rabin waɗanda aka kashe a 2024 a yankin Sahel suke. Su 'yan ta'addan ba sa jiran taron shugabanni kafin su tura wa juna makami ko mai haɗa bam, iyakar da ke tsayar da sojanmu ita ce garkuwarsu, a bi su su tsallaka su tsaya suna kallo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan bangon mu muke tsaga shi da hannunmu. Sau da yawa na lura abin da jami'ai ke tafiya da shi daga taro wanda ya fi takardun amfani shi ne lambar wayar takwaransu na ƙetaren iyaka, wanda za a kira ƙarfe biyun dare a ce ga wasu nan sun nufo ku. Da shugabanni sun ɓata sai wannan wayar ta zama abin tsoron ɗauka.

Masu cewa akwai son rai a harkar ba su yi ƙarya ba. Ofishin yaƙi da ta'addanci na Majalisar da aka kafa a 2017 mafi yawan kuɗinsa gudunmawa ce ta ganin dama, Saudiyya da Ƙatar ne kan gaba, Saudiyya kaɗai ta ba da dala miliyan 100 a 2014 ga cibiyar yaƙi da ta'addanci ta Majalisar, wadda daga baya ta koma ƙarƙashin ofishin. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski, mai ba da kuɗi yana da ta cewa kan ina za a kai aikin da me za a koyar. Shi ya sa ƙuduri 2719 na Disambar 2023 ya ja hankalina, wanda ya buɗe ƙofar Majalisar ta riƙa biyan har kashi 75 na kuɗin rundunonin da Tarayyar Afirka ke jagoranta. A takarda dai an samu ci gaba.

Amma mu ma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Akwai fuskokin da nake gani a taro bayan taro har mun saba muna gaisawa, manya ne da ba su za su taɓa fayil ba, an zo da su ne don alawus da satifiket, shi kuwa ƙaramin jami'in da ke aikin yana can ba a san da shi ba. In ma an yi sa'a an turo wanda ya dace, ya koyi ciro bayanai daga waya, bayan wata shida an yi masa canjin wurin aiki zuwa inda babu ruwansa da wannan. Na'urar da aka bayar kyauta lasisinta ya ƙare babu wanda ya sa kuɗin sabuntawa a kasafi, tana nan an lulluɓe ta da ƙyalle. Don haka in kun ga hoton rufe taron bita an jeru ana murmushi, ku 'yan jarida musamman, ku koma bayan shekara ku tambaya mutum nawa cikinsu ke kan kujerarsu har yanzu, kuma fayil nawa ya kai gaban alƙali.

A wani zama da na yi wa tafinta kwanaki, an zagaya ana tambayar kowace tawaga me ta fi buƙata. An yi ta lissafo manyan kaya. Da aka zo kan wata mai gabatar da ƙara sai ta ce ita a ba sojojin da ke bakin daga leda mai liƙewa wadda ake sa shaida a ciki, da fom mai shafi ɗaya a harshen da suke iya karantawa. Wasu suka yi 'yar dariya. Na fassara kamar yadda ta faɗa, na kuma duba rahoton taron da ya fito daga baya, an sa maganarta a can shafin ƙarshe.

A gaida kowa da kowa, Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa ya ba mu zaman lafiya.

Naku,
ɗan'uwanku daga Viyana