Launin yashin tanki da hasken jikin kifin siklid: abin da na gani a aikace

Kifin siklid, wato dangin karfasa da ake kiwo a tankin gilashi don kyansu, ba su da launi tsayayye. A fatarsu akwai ƙwayoyi masu ɗauke da baƙin sinadarin melanin. Idan idon kifi ya ga ƙasan da ke ƙarƙashinsa baƙi ne, sinadarin sai ya bazu cikin ƙwayoyin, jiki ya yi duhu. Idan ƙasan fari ne, sai ya dunƙule wuri guda, jiki ya koɗe. Dabara ce ta ɓuya daga masu farautarsa. Saboda haka duk lokacin da na zuba yashi, abu biyu nake lissafawa: yadda launin kifin zai fito a idona bisa wannan yashin, da yadda shi kansa kifin zai sauya don ya yi kama da shi. Sau da yawa waɗannan biyun ba sa tafiya tare.

Na gwada baƙi, na gwada fari tas, na gwada mai ruwan ƙasa-ƙasa irin na bakin kogi.

Baƙin yashi ya fi yi wa kifi masu shuɗi mai ƙyalli da ja kyau. Mazan Aulonocara na Tafkin Malawi, waɗanda ake yi wa laƙabi da ɗawisu, shuɗin fuskarsu yana ƙara zurfi a kansa, domin shuɗin nan daga ƙwayoyi masu mayar da haske yake fitowa, kuma duhun fatar da ke bayansu yana ƙara masa ƙarfi. Amma rawaya ba ta son wannan duhun. Neolamprologus leleupi na Tafkin Tanganyika, wanda ya kamata ya zama ruwan lemo tsantsa, yakan koma kamar an shafa masa toka a kan baƙin yashi. Labidochromis caeruleus ma, rawayan nan da kowa ke fara kiwo da shi, wani lokaci baƙi-baƙi yakan fito masa a fuska da gefen jiki. Kifin diskus masu jinin nau'in Pigeon Blood su ne suka fi nunawa: ƙananan ɗigo baƙaƙe kamar an barbaɗa musu masoro suna cika fuska da baya idan ƙasa ko bangon tankin mai duhu ne.

Farin yashi akasin haka yake. Rawaya da ruwan lemo suna fita fes. Masu ratsin baƙi da shuɗi kuwa, irin su demasoni da frontosa, ratsinsu yana dushewa idan fitila mai ƙarfi ce, domin hasken yana dukan yashin ya dawo musu ta ƙasa. Frontosa kifin ruwa mai zurfi ne, bai saba da haske daga sama da ƙasa ba. Sai ka ga ya maƙale a bayan dutse ya ƙi fitowa. Idan na sa fari, nakan rage ƙarfin fitila, in kuma yi amfani da duwatsu masu duhu domin kifin ya samu inuwa.

A tankin da aka haɗa nau'o'i daban-daban, mai ruwan ƙasa ko ruwan toka mai haske shi ne zaɓina. Ba ya kai kowane launi ƙololuwa, amma ba ya ɓata ko ɗaya, kuma shi ya fi ɓoye kashin kifi. Baƙi yana tona duk wani ɓurɓushin abinci, fari kuma gansakuka mai ruwan ƙasa takan rufe shi a makonnin farko na sabon tanki.

Kafin in kashe kuɗi, ga gwajin da nake yi. A tankin keɓe sababbin kifi, wanda ƙasansa gilashi ne zalla, nakan sa kwali baƙi a ƙarƙashinsa ta waje, in bar shi mako biyu, sannan in sauya da fari ko ruwan ƙasa. Ina ɗaukar hoto a lokaci ɗaya na yini, da fitila ɗaya. Kada ka yanke hukunci a ranar farko, domin kifin da aka tayar wa hankali launinsa yana gudu ko da wane irin ƙasa aka ba shi.

Sai dai launi shi ne abu na uku da nake dubawa a buhun yashi. Na farko shi ne abin da zai yi wa ruwa. Kifin Malawi suna son ruwa mai pH (ma'aunin tsamin ruwa, wanda lambarsa ke hawa idan tsami ya ragu) wajen 7.8 zuwa 8.6, na Tanganyika ma har sama da haka kaɗan. Yashin aragonait, wani ma'adini dangin alli, da dakakken murjani suna narkewa a hankali suna ɗaga ma'aunin, don haka sun dace da su, amma ba su dace da diskus da sauran kifin kogunan Amazon masu son ruwa mai laushi, wato mai ƙarancin ma'adanai, ba. Matsalar ita ce kusan duk irin wannan yashin fari ne. Idan baƙi nake so ga kifin Malawi, sai in zuba baƙin da ba ya taɓa ruwa, in sa murjanin cikin jakar raga a cikin matatar ruwa. Don gane ko yashi zai ɗaga pH, ɗiga masa ruwan khal: idan ya yi kumfa, zai ɗaga.

Na biyu girman ƙwaya da kaifinta. Siklid da yawa masu tono ne. Geophagus da Aulonocara suna ɗibar yashi da baki su tace, su fitar da shi ta ramukan numfashi. Ƙwaya mai rabin milimita zuwa milimita 1, marar kaifi, ita ce daidai, kuma yashin matatar wurin ninkaya yana cikin wannan girman. Baƙin yashin da ake kankare ƙarfe da shi yana da araha, amma murza shi tsakanin yatsu tukuna. Idan yana karce ka, zai ji wa bakin kifi ciwo. Ka kuma wuce da maganaɗisu a kansa. Abin da ya manne, shi ne zai shiga injin matata ya ci ta. Tsakuwar da aka shafa wa fenti na daina saya, fentin yana ɓarewa.

Zurfin santimita 3 zuwa 4 ya isa. Lissafin yawansa: tsawo sau faɗi sau zurfi, duk a santimita, a raba da 1,000, ya ba ka lita, kowace lita kuma wajen kilo ɗaya da rabi ce. Tanki mai tsawon santimita 120 da faɗin 45, a zurfin 4, zai ci lita 21.6, wato kilo 32 ko sama kaɗan. A wanke kaɗan-kaɗan a bokiti har ruwan ya fito garau. Duwatsu su fara zama a kan gilashi kafin a zuba yashi, in ba haka ba kifin zai tone ƙarƙashinsu su rufto. Bakin tiyon matata ya yi nesa da yashi da aƙalla santimita 10.

Idan tankin yana da kifi kuma kana son sauya launi, kada ka wanke matata a makon, domin bakteriya masu amfani da ke tsabtace ruwa za su tafi da tsohon yashi, na cikin matatar ne za su riƙe ruwan. Auna amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, kullum har mako guda, ka rage abinci.

Haɗa baƙi da fari a ɓangarori biyu na tanki ba ya ɗorewa, cikin 'yan kwanaki kifin za su gauraya su. Idan kuma an sauya yashi launi bai dawo ba, a duba wani wurin. Ja da rawaya daga abinci mai sinadarin karotin suke samuwa, namijin da wani ya fi ƙarfi yakan kashe launinsa da kansa don a ƙyale shi, matan Aulonocara kuwa ruwan toka ne a kan kowane irin yashi.