Abin da Jenne ta koya min a aji uku

A aji uku ne lakcaranmu ya ba mu aiki, wai kowa ya ɗauki gari ɗaya na bakin kogi ya rubuto yadda mutanensa suke yi da ambaliya kafin zuwan siminti da katafila. Ni dai Jenne ta ƙasar Mali na ɗauka, don kawai an riga ni ɗaukar Alƙahira, kuma wallahi na shiga ne da tunanin wata tsohuwar jinga zan tarar in zana in miƙa in huta.

Ashe su mutanen nan ba tare ruwa suka sa a gaba ba, kansu suke ɗagawa. Garin yana kusa da kogin Bani, cikin wannan makeken fadamar da kogin Neja yake malalewa duk shekara, in ruwa ya cika sai Jenne ta koma tsibiri, kwale-kwale ne motarka. Tsohon garin, Jenne-jeno, kamar kilomita 3 daga na yanzu, tun wajen shekara 250 kafin haihuwar Annabi Isa ake zaune a wurin, kuma tudun da yake kai ba duka halitta ba ne, gida ya rushe a daddale a ɗora wani a kansa, ga toka ga fasassun tukwane ga shara, a haka ƙasa tai ta hawa har mita biyar da wani abu. Su McIntosh, masu binciken kayan tarihi da suka fara tono wurin a 1977, haka suka riƙa tarar da shi hawa-hawa. Shi kansa babban masallacin Jenne ta yanzu da aka sake ginawa a 1907, a kan dandamali mai tsayin kusan mita 3 yake zaune, ginin laka zalla, kuma duk shekara gari ke fitowa a yi masa yaɓe, azarar giginyar nan da ke leƙowa daga bango ita ake takawa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shinkafarsu ce. Irin ta Afirka ce, ruwa na hawa tana ƙara tsawo, kanta dai yana sama. Masunta Bozo su kama kifi, in ruwa ya janye Fulani su shigo da shanu su ci ciyawar da ya bari. Wato shekarar da ruwa bai cika ba ita ce shekarar kuka.

Duk da haka, kai na ɗalibi, a shafin ƙarshe sai da na zana musu katangar kankare zagaye da gari, wai shawara ce. Malam ya ɗaga gilashi ya daɗe yana kallon zanen, ya sa jan biro ya zagaye, ya ce "to Injiniya, ruwan saman da ya sauka cikin garin fa, ta ina zai fita? Wanda ka kora kuma ƙauyen wa zai kwana?" Na yi tsuru-tsuru, aji ya kwashe da dariya. Har yanzu takardar na cikin akwatina, na ci 12 cikin 20.